Farin Bangon Don Floridor

A kan tudunmu na Valparaíso, a gaɓar tekun ƙasar Chile, bango ba ya kwana biyu fari. Ka shafe shi da safe, kafin ka gama shayin yamma masu gwangwanin fenti sun zana maka kifi mai ƙafafu, ko tsohuwa tana tuƙa kwale-kwale a cikin gajimare. Mun saba, wasunmu ma su suke kiran masu zanen, su ba su burodi da lemo, don masu yawon buɗe ido su riƙa tsayawa a ƙofarsu. Bango ɗaya ne ya gagara a layinmu, na Don Floridor Ampuero, wanda yake kallon ɗan dandalin da ke gindin matattakala. Fari ne fat, kuma mai shi yana gadinsa fiye da yadda yake gadin matarsa.

Don Floridor tsohon kukun jirgin ruwa ne. A zamanin samartakarsa jirginsu ya taɓa tsayawa a Italiya, kuma tun daga ranar ba mu huta ba. Ka ce masa ina kwana, ya ce a Italiya ba haka gari yake wayewa ba. Ya ce da idonsa ya ga wani saurayi da aka sassaƙa da farin dutse, tsirara, tsayinsa ya kai bene, jijiyoyin hannunsa kamar ka taɓa su motsa, har ya tsaya a gabansa ya yi hawaye. Matarsa, Doña Uberlinda, ta ce albasa ce ta sa shi hawayen, don a iya saninta bai fita daga kicin ɗin jirgi ba, a kalandar wani mai taliya ya ga hoton.

Rigimar ta tashi ne a taron ƙungiyar unguwa, a falon shugabarmu Doña Etelvina. Yasna, yarinyar da ta zana rabin bangwayen tudun nan, ta miƙe da fenti har a gira ta ce, "Baba Floridor, bangon nan naka ya zame mana giɓi a baki. Ka ba ni shi in zana maka teku da jirginka, har da kai a ciki kana feren dankali."

"Ke 'yar nan, kama bakinki! Abin da kuke yi har zane ne? Ai atishawar gwangwani ce."

"To kai me ka taɓa yi?"

"Ido gare ni. Wanda ya ga aikin Italiya ba ya buƙatar malami."

"Ido kam ko kyanwarmu tana da shi, har biyu."

Falo ya kwashe da dariya. Don Floridor ya miƙe, ya gyara zaman wandonsa a kan tumbi, ya ce kowa ya buɗe kunnensa. Ranar Lahadin Ista zai kafa wa unguwar nan mutum-mutumi irin na Italiya a tsakiyar dandali, wanda jikokin jikokinmu za su zo su gani su cire hula. In unguwa ta tafa masa, kada wani mai gwangwani ya ƙara ko kallon bangonsa har abada. In ba a tafa ba, Yasna ta ɗauki bangon ta zana duk abin da ranta yake so.

"Ko da feren dankalin?" in ji Yasna.

"Ko da uwar dankalin!"

Doña Etelvina ta buga cokali a kofi, ta ce kowa shaida ne. Doña Uberlinda kuwa ta rufe fuska da gyale ta ce, "Tsoho, kai da ko ƙusa ka buga sai an kira mai magani?"

Washegari 'yan dako suka hau tudu da wani ƙaton dutse da ya saya a wurin masu gini, suna nishi suna zagin kakan Italiya. Aka dire shi a rufin gidan, inda Don Floridor ya kafa rumfa da zannuwan gado don kada kowa ya sace masa fasaha. Ya ɗaura tawul a kai, ya ɗauki guduma da kurfi, ya zagaya dutsen yana lumshe ido, ya ce da matarsa ta lura, nan ƙirji zai fito. Ya ɗaga guduma ya sauke. Dutse ya tsage gida biyu.

"Af, tagwaye ne?" in ji Doña Uberlinda.

Ya ce dama saurayi matashi yake nufi, ba ƙato ba. Bayan kwana biyu saurayin ya koma yaro. Yaro ya koma wani abu mai kama da agwagwa, sannan kan agwagwar ya fille ya faɗa cikin tukunyar waken maƙwabta. Abin da ya rage Doña Uberlinda ta ɗauke ta kai kicin tana daka tafarnuwa da shi.

"Dutsen Chile ba shi da tarbiyya," in ji Don Floridor, yana tsotsar babban yatsansa da ya kumbura. "Na Italiya kana yi masa magana yake jin kunya."

Da wani ne, da ya haƙura ya je ya ba Yasna haƙuri. Shi kuwa sai ya ce ai manyan gwanaye ma da ƙwarangwal suke farawa. Ya kwance wayar shanyar matarsa, ya kwaso buhunan dankali da tsofaffin jaridu, ya farke katifar ciyawa ta ɗakin baƙi, ya sayo filasta buhu guda. Saura wanda zai tsaya masa ya kwaikwayi jikinsa. Nan ya tuna da ƙanin matarsa, Nibaldo mai kifi.

"Yaya Floridor, ka san makon da muke ciki kuwa? Ba mai cin nama sai bayan Ista, duk garin nan kifi yake nema. Kasuwata ta shekara ke nan!"

"Kifi yana ruɓewa, Nibaldo. Suna ba ya ruɓewa. In mun mutu, jikinka ne zai rage a dandali."

"Jikin nawa?"

"A Italiya irin ƙirarka ake nema da fitila."

Ba wanda ya taɓa yabon ƙirar Nibaldo tun da aka haife shi, don haka ya bar teburinsa a hannun maƙwabci ya hau rufi. Aka tuɓe shi daga shi sai ɗan kamfai, aka ce ya karya ƙugu, ya ɗaga hannu ɗaya zuwa kafaɗa, ya kalli teku da fushi irin na jarumai. Iskar teku kuwa ta ce me za ta yi ba kaɗawa ba. Ta fara da zannuwan rumfar, ta yaye su ɗaya bayan ɗaya ta kai wa mutanen ƙasan tudu. Kyanwowin unguwa suka ji ƙarnin kifi, suka taru suna lasar masa ƙafa. Matan da ke shanya a rufin gidajensu suka ajiye kwanduna, wata har ta koma ciki ta ɗauko kujera.

"Nibaldo! Ashe haka kake? Mun ɗauka ƙafafu gare ka, ashe sandunan mofa ne!"

"Kada ka motsa!" in ji Don Floridor. "Jahilai ne."

"Maƙwabci, juyo da shi mu ga ɗaya ɓarin!"

Nibaldo ya yi atishawa, ya ƙara, ya wawuri wandonsa ya dira matattakala, kyanwowi na biye da shi kamar 'yan rakiyar amarya. Don Floridor ya leƙa ya bi shi da cewa tarihi ba zai yafe masa ba. Daga nan ya ciro madubin jikin kabad ɗin matarsa ya jingina, ya ce in an rasa ɗan kwaikwayo ai ga mai gida. Yakan tsaya gaban madubin ya shanye tumbi ya ɗaga hanci, sannan ya juya ya kwaɓa filasta. To amma mutum ba ya riƙe numfashi yana kwaɓi, saboda haka tumbin ya riƙa dawowa, kuma duk abin da madubi ya nuna hannu ya ɗora. Fuska ce ta fi ba shi wuya. Ya yi ya rushe, ya yi ya rushe, har ta tsaya a wani yanayi da ba a san ko kuka take ko ta ci barkono ba.

Ranar Asabar aka sauko da mutum-mutumin a lulluɓe. Nibaldo, da majina har leɓe, ya kama ƙafafu saboda yayarsa ta sa baki, 'yan dako suka kama kai. A kwanar farko hanci ya gaisa da barandar maƙwabta ya karkace. A kwana ta biyu hannun nan da aka ɗaga zuwa kafaɗa ya maƙale a wayar lantarki, aka ja, aka ji ƙaras. Don Floridor ya yi ihu kamar nasa aka karya. Nan take ya ɗaure shi da guntuwar waya, amma hannun ya ƙi komawa kafaɗa, ya miƙe gaba, tafi a buɗe yana kallon sama. Filasta ta zube a wurare, buhu da ciyawa suna leƙowa.

"Yaya, kamar bara yake yi fa," in ji Nibaldo.

"Bayarwa yake yi, dabba! Yana miƙa wa talakawa kyau."

Aka ɗora shi a kan tsohuwar ganga daf da farin bangon, don a cewar mai shi fari a kan fari shi ne sarauta. Ya ɗaure zanen gado da igiya ya ce kada wanda ya taɓa sai gobe da la'asar.

Ranar Lahadi da hantsi ya sa kwat ɗin aurensa ya sauka cikin gari, ya ce zai yi aski kuma ya nemo mai ɗaukar hoto. Ko ɗan jirgin da ke hawa da sauka da mutane a tudun bai kai shi ƙasa ba iska ta kwance igiya, zanen gado ya tashi sama ya nufi tashar jiragen ruwa. Daidai lokacin Doña Etelvina ta fito daga coci da jikokinta mata.

"Wayyo Allah! Ku rufe idonku! Wane mara mutunci ne ya yi tsirara a ranar Ista?"

Da ta gane ba mutum ba ne, sai ta ce ko gunki ne ba zai tsaya haka a unguwar da take shugabanta ba. Ta shiga gida ta ɗauko wandon marigayi mijinta, ta tsaga shi ta baya, ta ɗaura masa ta kama da fil. Mai burodi ya zo wucewa ya ce wando babu riga ai hauka ne, ya kawo tsohuwar kwat da asu ya ci. Wani ya kifa masa hular da kare ya taɓa tauna. Doña Uberlinda tana taga tana kallo, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna wayar shanyarta da katifarta da madubinta, ta mayar da bakin ta rufe.

Ana cikin haka yaran unguwa suka ɓullo suna kuka. Kowace Ista su suke ɗinka mutum-mutumin Yahuza maci amana, almajirin nan da ya sayar da ubangidansa don kuɗi, da tsummoki, su yi ta yawo da shi suna roƙon 'yan sulalla a zuba masa a aljihu, da la'asar a cinna masa wuta, kuɗi su zubo, a yi wawa. Na bana karnuka sun same shi a bayan shago sun yi kaca-kaca da shi, ko kan ba a gani ba. Suna shigowa dandali suka yi turus. Ga mutum a tsaye da kwat da hula, hanci a karkace, ciyawa na leƙowa ta wuya, ya miƙo hannu yana jiran ladan cin amanarsa.

"Yahuza! An yi mana sabon Yahuza!"

Kafin azahar labari ya zagaye tudu ya tsallaka na maƙwabta. Duk wanda ya zo sai ya ɗora sulai a tafin hannun ko ya zura a aljihun kwat ɗin, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce ya san fuskar nan.

"Mai yanke mana wuta ne. Ku dubi hancin!"

"Ina! Alƙalin wasan nan ne da ya hana mu ƙwallo."

"Ku rufa mini baki," in ji wata mai sayar da empanada, burodin nan mai nama a ciki. "Tsohon mijina ne. Haka yake miƙo hannu duk ƙarshen wata."

Aka kusa dambe a kan wa ya fi cancanta ya tsane shi. Nibaldo ne ya raba gardama, ya ce shi dai bai san fuskar wa ba ce, amma ya san hannun da ya yi ta, kuma ya faɗi sunan.

Da la'asar Don Floridor ya hau tudu yana ƙamshin turaren wanzami, mai hoto na biye da shi. Tun daga nesa ya ga taron da unguwar ba ta taɓa gani ba, mutane har kan rufi. Wani ya hango shi ya yi kururuwa, "Ga shi nan! Ga gwanin!" Tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Samari suka ɗaga shi a kafaɗa, mata na guɗa, yara na tsalle. Ya cire hula yana ɗaga wa jama'a, yana cewa da mai hoto, "Ka gani? Ko jahili in ya ga kyau sai ya rusuna." Suka dire shi a gaban gangar. Ya ɗaga kai, ya ga wando.

Wani tsoho mai sanda, Don Belarmino, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Maƙwabci, tun ina yaro nake ƙona Yahuza a tudun nan, ban taɓa ganin wanda na tsana tun daga nesa kamar wannan ba. Kallo ɗaya na yi masa na ji jinina ya hau. Allah ya yi wa hannunka albarka!"

Don Floridor ya zare hannunsa ya waiwaya. Mai burodi yana zagaya gangar da galan ɗin kananzir. Doña Etelvina ta matso da ashana a kan faranti, ta ce ƙungiya ta yanke shawara bana mai aikin ne zai cinna da hannunsa. Yasna ta raɓo kusa da kunnensa, tana danne dariya.

"Baba, an tafa, ban musa ba. Amma wa aka tafa wa? In Yahuza ka yi, ka ci, bango naka ne har abada. In kuma saurayin Italiya ne, faɗa musu yanzu, mu cire masa wando mu ga ko za a sake tafawa."

Ya dubi bangonsa. Ya dubi mutumin da ke kan ganga. Tsakani da Allah yana son abin nan. Shi kaɗai ya san yadda ya gyara masa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya da cokalin shayi, kuma duk da karkataccen hancin, shi kyakkyawa yake gani. Zuciyarsa ta yi masa zafi har idonsa ya kawo ruwa, kuma yau babu albasa a kusa. Amma jama'a suna kiran "Gwani! Gwani!", kalmar da ya yi shekaru yana jiran wani ya faɗa ko da cikin kuskure.

Ya share ido, ya ɗaga hanci, ya ɗauki ashana. "Ai dama Yahuza na yi niyya," ya ce da ƙarfi. "Na ɓoye muku ne don ku ji daɗi. A Italiya haka ake yinsa."

Ya ƙyasta ya jefa. Katifar baƙi da jaridu da kananzir suka haɗa baki, wuta ta tashi bal har ta lashe masa sabon askin gira. Aljihuna suka ɓule, sulalla suka zubo, yara suka afka wawa suna yarfe yatsu saboda zafi. A cikin turmutsutsun wani ya bangaji ganga. Yahuza ya yi tangaɗi, ya yi kamar zai faɗo kan jama'a, sai ya fasa, ya kwanta da baya ya jingina da farin bangon kamar mai jiran mota.

"Bangona! Ruwa! Ku kawo ruwa!"

"Haba Gwani, bari ya ƙarasa mana, ba a kashe Yahuza rabi!"

Kafin bokitai su iso ya ƙarasa ɗin. Waya da toka suka zube ƙasa, hayaƙi ya washe, dandali ya yi tsit. A jikin bangon, daga ƙasa har kusa da taga, ga baƙin zanen mutum da hayaƙi ya bari ya fito raɗau. Babu fuskar da za a yi gardama a kanta yanzu, sai siffa kawai, da tumbi a gaba da hanci a sama. Don Floridor kuwa yana tsaye a gefensa, ya juya musu ɓari ɗaya yana haki. Mutane suka dubi bango, suka dube shi, suka sake duban bango.

Doña Uberlinda ta leƙo ta taga ta ce, "Ku daina wahalar da mai yanke wuta da alƙalin wasa. Ni nake wanke wa wannan tumbin riga."

Dariyar da aka yi ranar har masu gadin tashar jiragen ruwa sun ce sun ji. Don Belarmino ya yar da sandarsa ya zauna a ƙasa. Mai hoto, da aka ɗauko don ya ɗauki tarihi, ya ɗauka kuwa. Yasna ta share hawaye ta ce ta janye, ko kyauta aka ba ta bangon ba ta so, don ba ta taɓa shafe aikin wani mai zane ba kuma ba za ta fara da na dattijo ba.

Ya shafa farin fenti washegari, baƙin ya huda ya fito. Ya ƙara, ya sake fitowa, tumbin ma kamar ya ƙaru. Kafin wata ya ƙare masu yawon buɗe ido sun fara tsallake kifayen Yasna suna layi a ƙofarsa, kuma duk mai yi wa baƙo kwatance a tudun nan da bangon yake farawa. Rannan mai kawo gas, sabon zuwa, ya tsaya a dandali da tukunya a kafaɗa ya ƙwala kira, "Salamu! Nan ne gidan Yahuza?"

Taga ta buɗe da ƙarfi, Don Floridor ya zuro kai, fuska a murtuke.

"Kai yaro, ba ka da manya a gidanku? Gwani Yahuza za ka ce."